Gayya a Gonar Waya

"Wasan ga na biyu ba noma ba na, wahala ta," in ji ƙanena, yat ture wayar da jikana ke miƙo mishi. "Ni da wahala tak koro daga gida, za ka ƙara min wata cikin aljihu?"

"Tsoho, ko kallo fa ba ka yi ba," in ji jikana. "Tsaya ka ji ruwan sama kawai."

Yad danna, sai ga ƙarar ruwa na zuba daga cikin wayar, har da rugugin tsawa can nesa. Ina bakin zaure ina tsintar shinkafa a faifai, wallahi sai da niɗ ɗaga kai nid duba gabas. Ba komi. Bazara ce, ƙasa kamar yanzu anka fiddo ta daga murhu.

Ƙanen nan nawa manomi ne. A Zugu anka haife mu, ni aure yak kawo ni Gummi, shi yaz zauna kan gonar ubanmu. Da ɓarayin daji sunka matsa, wata safiya sai ga shi a bayan babur da buhu da tabarma, gero na can tsaye bai yanka ba. Nib ba shi ɗakin zaure. Yak kwanta yaj juya fuska ga bango, salla kaɗai ke tashe shi. In an kai tuwo ya taɓa ya ture. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mishi in mutuwa yake so ya nemi wani gidan, ni ba ni da ƙarfin zaman makoki. Ko juyowa bai yi ba.

Jikata ce tas samo magani, wadda ke karatun jinya. Tab ba shi tsohuwar wayarta da wani wasa a ciki, irin wanda yara ke ce ma gem, na noma. A ba ka fili, ka share da yatsa, ka shuka, ka girbe, ka yi kiwo. Tac ce mishi, "Angona, tunda ka ƙi yi min noma a waje, yi min a nan. In ba haka ba ka ba ni takardata." Wasan jika da kaka. Yay yi tsaki, amma bai mayar da wayar ba.

Kafin wata ya juyo ya kafa Zugu cikin wayar nan. Itace a gabas inda tsamiyar ubanmu take, rijiya a bakin hanya, rumbuna a jere, garken awaki a bayan gida. Jikana na da rumfar cajin waya a ƙofar gidanmu, samarin da ke kawo caji sunka riƙa leƙowa zaure suna kallon gonar, shina nuna musu, shina zaginsu don ba su san gero da maiwa ba. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

Sai waɗanda sunka ƙirƙiro wasan sunka fiddo na biyu. Yara duk sunka kwashe sunka koma can. Gonar ƙanena kuma ta kai ƙarshe, ba sauran dajin sharewa, rumbu ya cika, ba abin ƙarawa. Masu leƙowa sunka ɗauke ƙafa. Nig ga kwanciyarshi ta fara tsawo, fuskar ta fara komawa bango. Ga shi wayar tsohuwa ce, cikinta ƙarami, ba ta ɗaukar duka biyun. In za a sa na biyu sai an goge na ɗaya, da gonar da duk abin da ke cikinta. Kowa a zauren nan ya san haka, ba wanda yaf faɗa. Gardamar wasa anka riƙa yi.

Ranan da jikana yam miƙo ma ƙanena wayar, akwai wani Bafillace na wajen Gwashi, makiyayi, da ke kawo wayarshi caji duk ranar kasuwa. Shi ma ya koma na biyu.

"Baffa, ni don shanu nik koma," yac ce. "A na ɗaya saniya na ba da nono ba ta haihu ba. Ina ka taɓa gani? A na biyu sai ta haihu, sai maraƙi ya fara tsotsa kana a tatsa. Kuma in ka daɗe kana kiwonta, kana tahiya tana bin ka. Wanda yay yi wanga ya taɓa kwana a ruga, ko an ba shi labari da kyau."

"Shanun da ba su da tozo?" in ji ƙanena. "Na gani a wayarka. Baya shimfiɗe kamar benci."

Bafillacen yas sosa ƙeya. "Wannan kam sun kasa. Ƙahon ma abin kunya na. Amma tahiyarsu, Baffa, tahiyar saniya ce."

"A na ɗaya," in ji ƙanena, "ka shuka da safe, ka girbe kahin azahar. Ba fari, ba tsuntsu, ba wanda ka zuwa ya ɗauke maka komi. Abin da kab bari jiya shi za ka iske yau. Mi ya hi wannan?"

"Shi ya sa yag gundure mu," in ji jikana. "A na biyu akwai damina akwai rani. Gulbi na cika ya cinye shinkafar wanda yay yi kwaɗayin bakin ruwa. Ni kaina ya cinye min."

"Allah shi ƙara. A fadamar gaske ma haka kaka yi," in ji ƙanena.

Anka yi dariya. Nic ce a miƙo min in gani. Ni ban iya Turanci ba, bokon Hausa ma sai da furfura ta gama fita nis shiga ajin manya nik koya, amma ido ba ya son malami. Nik karɓa nid duba. Gaskiya abin ya yi kyau. Iska na kaɗa ciyawa, kuma ba tare take kwanciya ba, nan ta kwanta can ta tashi. Ɗan mutumin da ke cikin wayar in ya yi aiki da yawa shina dafe ƙugu. Inuwar itace na gusawa yadda rana ke tafiya. Ƙasar da ruwa yat taɓa tana yin duhu, ta tudu na riga ta kwari bushewa.

"Wanga ya hi naka," nic ce ma ƙanena. "Naka hoton gona na. Wanga gona ta."

"Ke Yaya, wa yat tambaye ki?"

"Ba a tambayata a gidana. Amma akwai abin da ban so ba. Mutumin ga tun da nir riƙe wayar bai yi salla ba, kuma a tsaye shika cin abinci kamar jaki. Wandon nan nashi ma in ya duƙa sai ya yage."

"Inna, ana canza mishi kaya," in ji jikata. "Akwai malafa ma."

"A canza mishi hali."

Jikana ne yaj jefa maganar da ta juya komi, shi ma bai san za ta juya ba. Yac ce a na biyu ana haɗa wayoyi, mutanen wasu su shigo gonarka su taya ka aiki, kowa da ɗan mutuminshi.

Ƙanena yat tashi zaune. "Su shigo gonata? Su yi aiki, ina ganinsu?"

"Kana ganinsu."

"Gayya ke nan."

Jikana yad dubi Bafillacen. "To, kusan haka."

"Ba kusa. Ko gayya ta, ko ba gayya ba ta." Yam murza gemu. Rabonshi da gayya tun kafin daji ya ɓaci, lokacin da samarin Zugu ke cika gonar ubanmu da kalangu. Can yac ce, "In gayya ta, sai an gaya ma mutane da baki, gida gida. Sai an dama hura, an tuƙa tuwo. Ba ni tara ɗiyan mutane su yi min aiki da yunwa."

"Tsoho, da yatsa fa za su yi aikin, suna zaune."

"Da yatsa kaka cin tuwo, kuma kana ƙoshi."

Duk sunka juyo suna dubana, don sun san tukunyar wa za a ɗora. Nic ce na ji, Jumma'a bayan an sauko.

Gogewar ce aiki. Da safen ranar yaz zauna yag girbe duk abin da ke tsaye a tsohuwar gonar, yak kai rumbu, alhali ya san rumbun ma tafiya zai yi. Jikata tac ce mi ne amfanin, yac ce ba ya barin hatsi tsaye karo na biyu. Daga nan yab buɗe ƙofar garke, yak kora awakin waje ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda yat tambaye shi dalili. Na san awakinshi na Zugu a ɗaure yab baro su ranar da yag gudo.

Yam miƙa ma jikata wayar. Tad duba, tac ce ita ba ta iyawa. Jikana yac ce akwai mai jiranshi a rumfa. Nic ce, "Ragwaye. Nuna min wurin." Tan nuna, nid danna. Wayar tat tambayi wani abu da Turanci, nis sake dannawa. Shi ke nan. Ƙanena yat tashi yat tafi alwala, ko hantsi bai yi ba.

Bayan Jumma'a zaure yac cika. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifin gulbi, Bafillacen ya zo da ƙwaryar nono daga gida, an dama fura. Samari sunka jeru kan tabarmi kowa da wayarshi, jikana yaj jawo wayar lantarki daga solar rumfa don kada wuta ta yanke ma wani. Kalangu ne babu, sai wani yaron kafinta yak kifa bokiti shina kaɗawa.

Nan nig ga abin da yas sa yara ke yabon na biyu. Filin da anka ba ƙanena daji ne, ƙaya da kututture. Sai ga 'yan mutane na shigowa ta bakin hanya, kowa da gatari ko fartanya. Ƙanena na tsakiya da malafa, don jikata ta sa mishi.

"Wane na wancan mai jar riga?"

"Ni ne, Tsoho."

"Kututturen ga kaka zagayawa tun ɗazu kamar mai neman aure. Sare shi!"

"Kai mai bokiti, kiɗa kaz zo yi ko barci?"

Muryarshi har tsakar gida. Rabon da in ji ta haka tun muna Zugu. Sunka share, sunka ƙone, hayaƙi na tashi cikin wayar shina bin iska. Sunka yi kunya-kunya, yas sa anka rushe ta gefen gabas anka sake, wai ta karkace. Yini a cikin wasan gajere ne, kafin ka gama shan fura rana ta faɗi ta sake fitowa, don haka aikin da zai ci mako yak ƙare muna zaune.

Saura shuka. Sai ruwa yaƙ ƙi zuwa.

Sama a cikin wayar fes, kamar tamu ta waje. Anka jira. Rana ta fito ta faɗi, ta fito ta faɗi. Jikana yac ce haka wasan yake, ba mai sanin ranar da damina ke sauka, kowace gona da nata.

"Ka gani?" in ji ƙanena. "A na ɗaya da yanzu mun kai rumbu."

"Wannan kam aibi ne," in ji wani. "A tara mutane a rasa ruwa."

"Ba aibi ba na," in ji Bafillacen. "Yaushe ruwa yat taɓa zuwa don an dama hura?"

Tuwo ya ƙare, la'asar ta gabato, wasu sun fara duba ƙofa. In sun watse, gayya ta tashi ba shuka. Ƙanena yad dubi buhun irin da wasan ke ba sabon manomi, guda ne tak. Yac ce, "Binne za mu yi."

Binne shi ne a sa iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya zauna can ya jira. Mutanenmu na yi in damina ta yi nawa.

"Tsoho, a'a," in ji jikana. "Ba wanda yat taɓa gwada haka. Waɗanda sunka yi wasan nan ba su san binne ba. In irin ya lalace ba a ba ka wani. Sai dai ka yi ƙodago a gonakin mutane har wata damina."

Ƙanena bai taɓa yi ma kowa ƙodago ba tunda anka haife shi. Na dube shi, na san in irin nan ya tafi, ga tsohuwar gona na goge da hannuna, bango zai koma, kuma wannan karon ban san mi zai juyo da shi ba.

"Bari ruwa ya zo," nic ce. "Ka shuka kai kaɗai gobe."

"Ni kaɗai na shuka a na ɗaya har na gaji. Ku ɗauki iri."

Sunka bi kunya suna sarawa suna zubawa suna takewa. Wasan bai hana ba. Ana gamawa, buhu ya zama wayam, sai ga baƙin abu ya taso daga bakin gulbi. Tsuntsaye. Sunka sauka gefen tudu sunka fara tono.

"Tsuntsu! Ku kore! Ku kore!"

Ashe in ɗan mutuminka ya ruga wurinsu suna tashi, su koma wani gefen. Kowa yas sa nashi gudu. Amma wa zai kori tsuntsu baki rufe? Zaure yaɗ ɗauka: "Haa! Shaa! Kai! Haa!" Mai bokiti na dukan bokiti kamar zai fasa shi. Jikana na cewa, "Ba su ji fa! Wayar ba ta jin ku!" kuma shi ne yaf fi kowa ihu. Ni kaina na samu kaina tsaye ina kaɗa faifai bisa kan ƙanena.

A garinmu yanzu ba a ihu haka kawai. Sai ga maƙwabcinmu ya faɗo zaure da taɓarya, ba hula, matarshi na bayanshi tana salati.

"Ina suke? Ta ina sunka shigo?"

"Tsuntsaye na, Malam," nic ce. "Aje taɓaryar ka sha hura."

Yad dubi samari, yad dubi wayoyi, yac ce Allah shi shirye mu, da ni da furfurata. Amma bai fita ba. Yad duƙa bayan ƙanena, ba a daɗe ba nij ji shina cewa, "Ga su can ta yamma, kai mai jar riga, makaho na kai?"

Anka kira la'asar. Ba mai son tashi, ba mai son a ce bai tashi ba. Ƙanena yar raba su biyu, rabi su yi salla rabi su yi tsaro, in sun sallame a canza. Wayarshi yam miƙo min. "Yaya, riƙe min. Ki tsaya tsakiya, kada ki gusa."

Ina riƙe da ita hasken cikinta yac canza. Inuwar itacen ta ɓace. Ciyawar bakin gona tak kwanta gefe guda, tsuntsayen sunka tashi da kansu sunka nufi gulbi. Ɗigo yaf faɗo kan malafar ɗan mutumin, wani yaf faɗo, ƙasa ta fara yin duhu tabo-tabo. Sai ƙarar ta cika zaure daga wayoyi duka a tare. Masu tsaro sunka toshe baki don masu salla na raka'ar ƙarshe. Ina ganin ƙanena a sahu, kunnenshi na nan wurinmu. Shina sallamewa, ko addu'a bai shafa ba, yar rarrafo yaf fizge wayar.

Ruwa yay yi yini guda na cikin wasa. Da rana taf fito anka zuba ido. Gefen tudu ba komi, tsuntsaye sun gama da shi. Tsakiya jefi-jefi. Amma ta kwari, wajen gulbi, sai ga kore ya tsattsago layi-layi, har iska na kaɗa shi.

"Ya tsira!" in ji jikata. "Angona, ya tsira!"

"Sun san binne ashe," in ji Bafillacen.

"Ba su sani ba," in ji jikana. "Sa'a ce kawai."

"Rabin gona ta tahi, kuna ta murna," in ji ƙanena, hancinshi kusan manne da gilashin. "Na ɗaya bai taɓa ci min ƙwaya guda ba." Yaj ja hoton da yatsu biyu yadda jikata tak koya mishi, har ganyen yac cika fuskar wayar. Yad daɗe shina kallo. "Ya yi kauri ta kwarin ga. Ana cirewa a dasa a tudu?"

Jikana yac ce bai sani ba, bai taɓa gwadawa ba.

"Gobe da hantsi kowa ya dawo, dashe za mu yi. Yaya, akwai sauran shinkafa?"

Nic ce akwai, amma wanda yac ci shi ka wanke tukunya. Bai ji ni ba, ya juya shina ce ma jikana ya miƙo wayar caji, tashi ta nuna ja.